Motar da Ke Kira da Asuba

Talata, 9 ga Yuli

Ta sake yi. Gari bai gama wayewa ba, ina kwance ina jin guti na sauka a kan kwano, wannan siririn yayyafin sanyi da ba ya jiƙa ƙasa sai dai ya shiga ƙashi, sai ga hon ɗin Tsohuwa, motarmu: fim, fim. Gajeru biyu, ya yi shiru. Na yafa bargo na fita. Babu kowa a tsakar gida, ƙofofinta a kulle, makullinta na rataye a ƙusar kicin inda mijina, Baba Shuvai, ya saba rataye shi.

Abin da ya fi ɓata min rai, haka yake danna shi in ya dawo daga aiki don in buɗe masa ƙyaure. Duk layinmu a Mucheke an san wannan. Na ga labulen maƙwabta yana motsi.

Waya ce. Tsohuwar a-kori-kura ce da ta girmi 'yata, dole wata waya ta gaji. Shekara ashirin da wani abu ina riƙe masa fitila duk Asabar yana kwance a ƙarƙashinta yana zagin noti, ban riƙe a banza ba. Shi da kansa yake cewa wutar mota ba ta da aljanu, hanya kawai take nema, in ta samu ta bi.

Amma lokacin bai yi min daɗi ba. Ranar goma ga watan gobe za a je Bikita, mahaifarsa, a dawo da shi gida, shekara ta zagayo da rasuwarsa. Za a zuba giya a kabarinsa, a kira shi ya zo ya zauna cikin kakanni, ni kuma a shimfiɗa sandarsa a bakin ƙofa in tsallake a gaban dangi, a ga ko na riƙe masa amana. Matar da ta kula wani namiji kafin wannan ranar, an ce ta ƙona kabari. Ba yanzu ne lokacin da motar mamaci za ta fara magana ba.

Laraba, 10 ga Yuli

Na ajiye ɗinki da wuri, na sa rigarsa ta aiki, na naɗe hannu da ƙafa. Fiyus lafiya. Kan batir ya yi datti, na goge na ɗaure. Na kunce hon ɗin na kai shi kan batir kai tsaye, ya yi ƙara har karen bayan gida ya amsa. Na mayar. Na jijjiga duk wayar da hannuna ya kai gare ta, shiru. Na hau bayan motar na yi tsalle kamar mahaukaciya, shiru.

Ciwon da ke ɓuya in an zo asibiti ya fi kowanne ban haushi.

Alhamis, 11 ga Yuli

Rana ƙwal. Ba ta yi ba.

Lahadi, 14 ga Yuli

Tete Marwei ta zo daga addu'arsu ta kan dutse, cikin fararen kayanta, ƙafa duk ƙura. Yayar Baba Shuvai ce, ita ta goye shi. Cocinsu ya hana giyar kakanni, amma ita ƙafa ɗaya can ɗaya nan, ita ce ma za ta tsaya kan dahuwar giyar ranar goma.

Labari ya riga ni isa wurinta. Ko shayin ba ta kurɓa ba ta ce, "Muroora, matar ƙanena, ruwa ba ya tsami banza. Mamaci ba ya tsayawa a ƙofar gidansa yana kira sai in akwai abin da ya gani a ciki."

Na ce, "Tete, waya ce."

Ta ce, "To wayar ce ta san yadda ƙanena yake danna hon?"

Ta karɓi makulli kamar yadda take yi duk Lahadi tun farkon sanyin nan, ta je ta zauna a kujerarsa ta rufe ƙofa tana addu'arta. Ni na shiga kicin na tuƙa sadza, tuwon masararmu, da ƙarfin da ya fi na tukunyar. Da za ta tafi ta dubi takalman da ke bakin ƙofa ɗaya bayan ɗaya. Duk nawa ne, Tete, ƙirga da kyau.

Litinin, 15 ga Yuli

Yau ba fim-fim ba ne. Kururuwa ta yi, doguwa, ba tsayawa, kamar an yanka saniya. Na fita ba takalmi, na yi ta kokawa da bonet, da ƙyar na fizge wayar hon. Da na ɗago, mutum wajen goma a bakin shinge cikin barguna. Babu wanda ya ce sannu. Wata ta ce, "Hmm," ta ja ɗanta.

Na bar wayar a cire. Ko a haka ina jin ɗan baƙin akwatin nan, rile, yana ƙas, ƙas a ciki, kamar mai son magana an danne masa baki. Sai da rana ta fito ya daina.

Laraba, 17 ga Yuli

Babamukuru Jekiseni, babban wansu, ya sauko daga Bikita musamman. Tsohon ɗan sanda, har yau gaisuwarsa kamar tambayar mai laifi. Na durƙusa na tafa hannu na gaishe shi, ya amsa yana kallon motar. Ya zaga ta, ya zura hannu ta taga ya danna hon, shiru.

"Wa ya toshe wa ƙanena baki?"

Na yi bayani. Bai saurara ba. Ya ce in mayar da wayar yanzu a gabansa, kuma kada in cire batir, kada in cire komai, motar ce za ta kai kayan abinci da akuya ƙauye. "In ya yi shiru don kansa kafin ranar, shi ke nan, mun ji daɗi. In bai yi ba, ba za ki tsallake sanda ba sai an je wurin mai duba, kuma a gaban mutanen gidanku." Sai ya rage murya, ya ce an gaya masa akwai ƙafar da ke yawan shiga gidan nan.

VaGwenzi yake nufi. Abokin wasan Baba Shuvai tun suna yara, wanda ya sa rigar aikinsa ranar jana'iza yana kwaikwayon tafiyarsa har muka yi dariya cikin kuka. Mutumin da matarsa ke zaune kusa da ni a coci.

Na mayar da wayar. Bayan tafiyarsa na zauna a kan taya. Uwata tana da rai. A ce an kira ta da tsufanta ta zauna a tabarma ana tambayar 'yarta wa ya kwana a gidanta.

Juma'a, 19 ga Yuli

VaGwenzi ya shigo da dariyarsa, da wani rile a aljihu. Ya tsaya gaban Tsohuwa ya buga mata bonet, ya kira Baba Shuvai da sunansa na yanka ya ce, "Kai Dzikamai, ragon banza, shekara goma madubin nan yana ɗaure da igiya ba ka gyara ba, sai yanzu daga lahira ka zama mai himma? Ka bar matar nan ta yi barci, kai ma ka yi naka."

Na yi dariya, karo na farko a mako. Sai na hango labule ya motsa.

Na karɓi rilen na ce, "VaGwenzi, kada ka sake shigowa sai bayan ranar goma." Ya buɗe baki zai mayar da shi wasa, ya dubi fuskata, ya rufe. Ya ce, "Ni?" Shi ke nan abin da ya ce. Ya fita ya ja ƙyaure a hankali. Na ji kamar ni na ɗora masa laifin da bakina.

Na sa rilensa. Za mu gani.

Asabar, 20 ga Yuli

Ƙas, ƙas, fim. Ba rile ba ne.

Na bi wayar daga hon zuwa ciki, taku-taku da yatsa, na kwanta a ƙasan kujera ƙafafuna a waje. A inda take ratsa ƙarfe ta shiga cikin mota na sami robarta a ciccije, tagulla a fili, ga kashin ɓera a gefe. Na yi ihu ni kaɗai. Na naɗe ta da salatif har ta yi ƙiba, na ɗaure ta nesa da ƙarfen, na sa tarko.

Ɓera. Duk wannan tashin hankali ɓera.

Lahadi, 21 ga Yuli

Na nuna wa Tete kashin ɓeran a takarda. Ta ce ɓera ma aike ne. Ta karɓi makulli.

Talata, 23 ga Yuli

Murna ta koma ciki. Guti ya dawo, ita ma ta dawo, ta fi ta ranar Litinin ɗin can tsawo. Ban cire waya ba, tsoron Babamukuru, sai na riƙa dukan tsakiyar sitiyari da tafin hannu har ta yi shiru. Ban san me ya sa dukan ya yi aiki ba. Ban san komai ba. Wataƙila abin da na koya a shekara ashirin riƙon fitila ne kawai.

Matar da ta ba ni ɗinkin kayan makarantar 'ya'yanta ta aiko a karɓi yadin, wai ta canza shawara.

Ba zan tsaya gaban mota ina tambayar ta me na yi ba. Ba zan yi ba.

Alhamis, 25 ga Yuli

'Yata Shuvai ta kira daga Bulawayo, tsakanin aikinta na asibiti. Ta daɗe tana zagaye-zagaye, sanyi, tsadar mai, sannan ta ce, "Amai," wato Mama, "Tete ta ce..." Na ce faɗi. Ta ce, "A'a, ni dai na san ki." Amma sai da ta tambaya a zuciyarta kafin ta sani, na ji shi a muryarta. Wannan ya fi min maganar Babamukuru ciwo.

Da yamma na shimfiɗa tsintsiya a kicin na gwada tsallakewa. Gwiwar hagun nan tawa ba ta san amana ba, ta san sanyi kawai. In na yi tuntuɓe ranar, wa zai ce gwiwa ce?

Asabar, 27 ga Yuli

Na zauna na yi tunani yadda yake yi, da shayi a hannu, ba sifana ba. Wuta na fitowa daga batir, ta bi fiyus, ta zo rile ta tsaya tana jira. Siririyar waya ɗaya ce ke hawa cikin sandar sitiyari. In ka danna hon, ka haɗa wannan wayar da jikin mota ne, sai rile ya ja, hon ya yi ƙara. To wani abu yana haɗa ta da jikin mota ba da hannun kowa ba. Kuma sai da safe, kuma sai in akwai laima. Kuma duka a sitiyari ya sa ta yi shiru. Ai tun Talata ta gaya min inda ciwon yake, ni ce ban ji ba.

Na ɗauko fitilar gwajinsa, ƙwan mota ɗaya da wayoyi biyu da ya haɗa da kansa. Na zare siririyar wayar daga rile na ɗan lokaci, na maƙala mata ƙafa ɗaya, ɗayar a jan kan batir. In akwai ɓarauniyar hanya a sama, ƙwan zai kama. Bai kama ba. Rana ce tsaka, komai a bushe. Na mayar.

Ban taɓa roƙon Allah ya kawo guti ba sai yau.

Lahadi, 28 ga Yuli

Tete ta zo, ta zauna a motar, ta tafi. Ba mu yi magana ba bayan gaisuwa. An jiƙa tambar giya a Bikita, in ji ta.

Litinin, 29 ga Yuli

Guti ya zo. Na riga shi tashi, na haɗa fitilar, na tsuguna gefen mota cikin bargo ina kallon ƙwai kamar kaza. Da farko ba komai. Can sai zaren cikinsa ya yi ja-ja, kamar garwashin da ya kwana. Ya ƙaru. Ya ragu. Na taɓa sitiyari na ɗan juya shi, ya yi haske sosai.

Yana cikin sitiyari. Na faɗa da ƙarfi, ban san wa nake gaya wa ba.

Talata, 30 ga Yuli

Na kulle ƙyaure don kada a ce ina yi wa motar wani abu. Murfin hon ya fita da sauƙi. Babban notin tsakiya ne ya ƙi, sai da na zura bututu a kan sifana na rataya da duk nauyina. Na sassauta shi ban cire ba, yadda yake yi don kada sitiyari ya fasa maka haƙori, na sa gwiwoyi a baya na ja, na buga, na ja. Ya fito da ƙara, na ɓare yatsa.

A bayansa akwai zoben tagulla da wani ɗan ƙarfe ke gogarsa. Ban ga tagullar ba. Wani abu ya rufe ta, fari-fari da kore-kore kamar kanwa, ya bi gefen zoben ya gangara har kan sandar ƙarfe, da danshi a jikinsa. Tsatsar tsufa ba haka take ba. Na kankaro da farce na sa a harshe.

Gishiri.

Na daɗe zaune da sitiyari a cinya. Mu nan ba teku, ba komai. Sai na tuna robar ruwan da ke leƙowa daga jakar Tete duk Lahadi, ruwan addu'ar da annabin cocinsu ke ba su, wanda ake jefa wa gishiri da 'yan duwatsu. Na tuna sitiyarin yana ɗan maƙale min a hannu duk Litinin, ina cewa zufa ce. Gishiri kuwa shi da laima ba sa ganin juna su ƙyale.

Na wanke da ruwan ɗumi, na busar a rana, na goge da samfefa har zoben ya yi ƙyalli, na shafa ɗan man giris, na mayar da komai.

Laraba, 31 ga Yuli

Guti tun asuba. Ƙwai bai kama ba. Hon bai yi ba.

Ban yi murna ba, fushi nake. Ita ta zuba, ita ta ji ƙara, ita ta kai gari, ta dawo ta ƙara zubawa don ta lallashe shi. Sunana a bakin masu sayar da tumatir. VaGwenzi. Muryar Shuvai. Na tara farin abin a kwalin ashana. Ranar goma zan ajiye shi gaban Babamukuru a tsakiyar dangi in ce ya ɗanɗana, sannan ya tambayi 'yar'uwarsa me ke cikin jakarta. Kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. Na shirya maganar tsaf, na yi ta maimaita ta a kan keken ɗinki har na karya allura.

Lahadi, 4 ga Agusta

Dole in gani da idona, shi ya sa na ba ta makulli ban ce komai ba. Na ɗora tukunya, na zagaya ta bayan motar na tsaya inda madubin nan mai igiya ba ya nunawa.

Ta fito da robar da wani farin ƙyalle. Ta tsiyaya ruwan a kan sitiyari daga sama, yana bi yana gangarawa tsakiya, tana gogewa a hankali, daidai wuraren biyu da hannunsa ya cinye suka yi santsi. Tana magana ƙasa-ƙasa. "Kawo ɗayan. Kai dai kullum hannu baƙi ƙirin. Haka za ka je gaban su Baba?" Muryar da ake yi wa yaro ɗan shekara huɗu. Hawaye na ɗiga daga haɓarta ba ta share ba.

Na buɗe ɗaya ƙofar na shiga na zauna. Ta firgita ta ɓoye robar a cinya. Ta ce tun farkon sanyi yake zuwar mata a mafarki, hannuwansa duk baƙin mai, yana miƙo su yana neman ruwa, ita kuma ba ta san inda za ta same su ba sai nan.

Maganar da na shirya duk ta gudu. Na ce, "Tete, zo ki ga wani abu."

Na cire sitiyarin a gabanta, yanzu ba ya gardama. Ruwan bai kai ciki sosai ba, na goge. Na haɗa fitilar gwaji na ba ta ta riƙe. Ƙwai a mace. Na ce ta ɗiga ruwanta nan, tsakanin zoben da sandar. Ta ɗiga. Ƙwan ya yi ja a cikin tafin hannunta. Na goge, ya mutu. Ta sake ɗigawa da kanta, ya kama. Na nuna mata kwalin ashana.

Na zaci za ta yi musu, ko ta ce shi ma aike ne. Ta yi ta kallon ƙwan. Can ta ce, "Ashe bai taɓa kira ba."

Na ce, "Bai taɓa ba."

Muka zauna mu biyu a mota ba sitiyari, har na ji ƙaurin sadza daga kicin. Ba ta ba ni haƙuri ba. Da za ta sauka ta ce, "Jekiseni zai cinye ni ɗanye a gaban matan ƙannena." Ban san me zan yi ba tukuna.

Talata, 6 ga Agusta

Ta aika wa Babamukuru cewa ta yi addu'a mai ƙarfi, ƙanenta ya nuna mata ba shi da ƙorafi a kan matarsa, gida kawai yake so. Ji fa. Ni da ɓararren yatsa, ita da lada.

Ya ce zai gani da kunnensa a Bikita.

Kwalin ashana yana cikin jakata. Ban yanke ba.

Juma'a, 9 ga Agusta

Shuvai ta iso. Mun loda buhun gari, kabeji, akuya tana kuka tun daga Mucheke. Na sake duba zoben, a bushe. Na sa fitilar gwaji a ƙarƙashin kujera, ban san amfanin da za ta yi min a can ba. Bikita ta fi nan laima nesa ba kusa ba. In akwai sauran gishiri a inda hannuna bai kai ba...

Litinin, 12 ga Agusta

Mun dawo. Bari in rubuta kafin ya gauraye.

Da isarmu Babamukuru ya zura hannu ya danna hon, ya yi ƙara, ya gyaɗa kai. Ya sa aka ajiye motar a gindin bishiyar tsakar gida, ya karɓi makulli ya sa a aljihu. Asabar aka yi ta kiɗa da waƙa, ban ji ko ɗaya ba, kunnena na wajen bishiya.

Lahadi da asuba, lokacin tafiya kabari, guti ya rufe duwatsu har ba ka ganin shingen shanu. Motar jiƙe sharkaf. Babamukuru ya tsayar da kowa, wai a jira tukuna. Muka tsaya, mutum fiye da hamsin, ana kallon tsohuwar a-kori-kura. Sai ga Tete ta ratso mutane da robarta a hannu, ta nufi ƙofar direba. Na sa hannu a jaka na damƙe kwalin.

Ta tsaya, ta buɗe robar, ta sunkuya ta juye ruwan duka a kan tayar gaba. Ta miƙe ta ce, "Jekiseni, me kake jira? Yaron nan ya gaji da tsayuwa a waje." Wani ya yi dariya, VaGwenzi ne, ya ɗora da cewa Dzikamai bai taɓa zuwa ko'ina a kan lokaci ba dama. Aka kama hanya. Ba ta yi ba. Har muka je muka dawo da waƙa ba ta yi ba.

Sandar da aka shimfiɗa ta fi tsintsiyata kauri. Gwiwar ta yi ƙara amma ta riƙe. Na tsallake na dawo, mata suka yi guɗa, uwata ta rufe fuska da zani. Shuvai ta riƙe ni har na ji zafi.

Sai aka ba ni kwanon ruwa. Mazan gidan sun jeru a tabarma, wanda na miƙa wa ya wanke hannu shi zai gaje ni. Mai ɗa namiji kan ba ɗanta in ba ta son kowa, ni ba ni da shi. Na wuce Babamukuru, na ga ya saki numfashi, shi ma ba so yake ba ashe. Na wuce sauran. Na durƙusa gaban Tete. Ta sa hannuwanta a ruwan ta daɗe ba ta cire ba, ta ce yadda ni kaɗai zan ji, "Wannan ba gishiri ko?" Na ce ba gishiri.

Kwalin na jefa shi a murhun giya da za mu taho. Ba don ita ba. Nauyi yake min a jaka.

Alhamis, 15 ga Agusta

Guti. Na farka tun kafin ya fara, ban san dalili ba, tunda babu abin jira yanzu. Na kwanta ina saurare. Kwano na ɗiga, zakaran maƙwabta, motar burodi can nesa. Shi ke nan. Gyaran ya yi kyau, ko kai, Baba Shuvai, ba za ka sami abin cewa ba, sai dai ka ce na cika giris.

Na fita duba taya. Tunda na fita sai na shiga na zauna kaɗan, don sanyi. Wuraren nan biyu sun fi hannuna faɗi. Na danna, gajeru biyu. Gwaji ne kawai, dole a riƙa gwadawa.

Sai da na ga kaina a bakin ƙyaure na zare sakata.